Skeeter Davis: Mawaƙiyar da Aka Dakatar Saboda Masu Wa'azin Titi

Duk wanda ya tashi a gidan masu bi a ƙasar nan tamu kafin zuwan wayar hannu, da wuya a ce bai ji kiɗan kantiri ba. A gidajen malaman makaranta, da na ma'aikatan asibiti, da na tsofaffin sojoji, daga Bebeji har Doguwa, akwai rediyo mai cin kaset da ake lulluɓewa da ƙyalle don ƙura. Ranar Lahadi bayan an taso daga sujada sai a sa Jim Reeves ko Don Williams. Da yawa cikin iyayenmu ba su jin Turancin sosai, amma kiɗan yana shiga zuciyarsu domin mai sanyi ne, kuma na mutanen karkara ne irinmu, manoma da makiyaya na kudancin Amurka. Cikin muryoyin matan da ake ji a waɗannan kaset akwai wata siririyar murya mai kama da ta yarinya, wadda in ka saurara da kyau sai ka ji kamar mata biyu ne ke waƙa tare. Muryar Skeeter Davis ke nan. Ta rasu tun shekara ta 2004, amma labarinta yana da abin koya wa mawaƙan ikkilisiya, da iyaye, da duk wanda ya taɓa tsayawa yana auna abincinsa da shaidarsa.

Yarinyar da aka kira Sauro

An haife ta ranar 30 ga Disamba, 1931, a karkarar jihar Kentaki, ta kuma tashi a yankin wani ƙaramin gari mai suna Dry Ridge. Sunanta na yanka Mary Frances Penick. Ita ce ta fari cikin 'ya'ya bakwai na wani manomi, a lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, talauci ya kama manoma ƙwarai. Kakanta ne ya laƙaba mata Skeeter, wanda a bakin mutanen yankin yake nufin sauro, saboda ba ta iya zama wuri ɗaya. Sunan ya bi ta har kabari.

Gidan bai zauna lafiya ba. Tana ƙarama ƙwarai aka kashe kakanta na wajen uwa, kotu kuma ta sami ɗan'uwansa na jini da laifin kisan. Daga nan mahaifiyarta ta faɗa cikin baƙin ciki mai tsanani wanda bai sake ta ba shekaru da yawa. A littafin tarihin rayuwarta da ta fitar a 1993, Skeeter ta bayyana cewa uwar ta yi yunƙurin kashe kanta ba sau ɗaya ba, kuma ita, 'yar fari, ita ce ta riƙa tare ta a wasu lokutan. Mu da ke zaune a ƙauye mun san irin wannan yarinya. Ita ce take goyon ƙannenta, take hura wuta, take gadin uwarta, alhali ita kanta tana bukatar mai goyo. Tana zuwa makarantar Lahadi tana waƙa da ƙarfi, ba wanda ya san abin da ta baro a gida.

An rene ta cikin ikkilisiya, a can kuma ta fara sabawa da waƙoƙin sujada. Wajen ƙarshen shekarun 1940 iyalin suka koma arewacin jihar, kusa da birnin Cincinnati. A makarantar sakandare ta Dixie Heights ta haɗu da wata yarinya tsararta mai suna Betty Jack Davis, wadda ta iya kiɗan jita. Suka fara waƙa tare a makaranta da majami'a, Betty Jack tana jan murya ta ɗaya, Skeeter tana bi da murya ta biyu daga sama. Ba su haɗa jini ba, amma shaƙuwarsu ta kai har Skeeter ta ɗauki sunan gidan ƙawarta, suka kira kansu Davis Sisters, wato 'yan'uwa mata na gidan Davis.

Daren hanya

Daga ƙananan gidajen rediyo suka kai birnin Detroit, inda suka riƙa waƙa a tashar WJR, suka kuma naɗi 'yan fayafayai a wani ƙaramin kamfani mai suna Fortune. A 1953 babban kamfanin RCA Victor ya ɗauke su. Waƙar da suka naɗa masa a wannan shekara, mai suna I Forgot More Than You'll Ever Know, ta fara bazuwa a gidajen rediyo. 'Yan mata biyu masu shekara 21, 'ya'yan talakawa, ƙofa ta buɗe musu.

A farkon watan Agusta na 1953 suka yi wasa a tashar WWVA da ke Wheeling, suka kamo hanyar gida cikin dare. Kusa da Cincinnati wani direba da barci ya kwashe ya bar hannunsa ya yi karo da motarsu gaba da gaba. Betty Jack ta mutu nan take. Skeeter ta ji munanan raunuka amma ta rayu. Wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Jos ta Tudun Wada da dajin Falgore da dare ya san yadda ƙiftawar ido ɗaya take raba mutum da abokin tafiyarsa.

Bayan jana'izar, waƙar tasu ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin kiɗan kantiri na mujallar Billboard, wadda take auna cinikin fayafayai da yawan sa su a rediyo, ta kuma yi mako takwas a wurin. Sai da aka yi shekara 31 kafin wasu mata biyu masu waƙa tare su sake kai wa wannan matsayi a kiɗan kantiri. Ku duba wannan al'amari. Abin da suka yi shekaru suna nema ya zo, amma ɗaya tana kabari, ɗaya tana jinya. Duk inda Skeeter ta kunna rediyo, muryar ƙawarta da ta mutu take ji.

Kasuwa ba ta jiran mai makoki. Aka sa Georgia, yayar Betty Jack, ta maye gurbin ƙanwarta, aka ci gaba da yawon wasa da sunan Davis Sisters har 1956. Daga baya Skeeter ta rubuta cewa an matsa mata ta koma waƙa tun zuciyarta ba ta warke ba. Wannan ma abu ne da ya kamata mu lura da shi a ikkilisiyoyinmu. Sau da yawa mace tana rasa miji ko ɗa, bayan mako biyu sai mu ce ta dawo ta ja waƙa a zumuntar mata domin ba mai murya irin tata. Muna ƙaunar baiwarta, muna manta da ita kanta. Abokan Ayuba, duk da kuskuren da suka yi daga baya, sun fara da zama tare da shi kwana bakwai ba su ce masa komai ba. A wannan kam sun fi mu.

Murya biyu daga baki ɗaya

Bayan rabuwar ƙungiyar ta ɗan ja da baya, sannan ta dawo a 1958 tana waƙa ita kaɗai, har yanzu a kamfanin RCA, ƙarƙashin shahararren makaɗin jita Chet Atkins wanda yake shirya fayafayan kamfanin a birnin Nashville. Matsalar ita ce kunnen jama'a ya saba da muryoyi biyu. Dabarar da suka yi ita ce a naɗi muryarta a tef tana jan waƙar, sannan a mayar da tef ɗin baya, ta saurara, ta rera murya ta biyu a kai, a haɗa su wuri ɗaya. Yau kowane yaro mai kwamfuta a situdiyon Kano ko Jos yana yin haka cikin minti kaɗan, amma a wancan zamani sabon abu ne. Wannan shi ne sirrin abin da iyayenmu suka riƙa ji a kaset. Ita ce take jan waƙa, ita ce kuma take amsawa, tana cike gurbin da mutuwa ta bari.

A 1959 waƙarta Set Him Free ta sa aka saka sunanta cikin masu neman lambar Grammy, abin da ya faru da ita har sau biyar a rayuwarta. A wannan shekara kuma aka karɓe ta cikin Grand Ole Opry. Ya kamata mu fahimci mene ne wannan wuri domin labarin da ke gaba ya rataya a kansa. Opry shiri ne na rediyo da tashar WSM ta Nashville take watsawa kai tsaye tun 1925, kowane daren Asabar, a gaban dubban 'yan kallo. Ga mawaƙin kantiri, zama ɗan Opry kamar naɗin sarauta ne. Da shi ake samun gayyata zuwa garuruwa, da shi ake sayar da faifai.

A 1962 ta naɗi waƙar da duniya ta fi saninta da ita, The End of the World, wato ƙarshen duniya. Arthur Kent ne ya tsara kiɗan, Sylvia Dee kuma ta rubuta kalmomin tana tuna mutuwar mahaifinta. Mutane da yawa sun ɗauke ta waƙar soyayya ce kawai, amma abin da take magana a kai shi ne mamakin mai makoki, wanda yake ganin duniya tana ci gaba da harkokinta kamar ba abin da ya faru. Skeeter ta san wannan hali tun daren Agusta na 1953. A farkon 1963 waƙar ta kai matsayi na biyu a babban jadawalin Billboard, na biyu a na kantiri, na ɗaya a na kiɗa mai sanyi, na huɗu kuma a jadawalin da galibi kiɗan baƙaƙen fatar Amurka yake cikawa. Wannan ya faru a lokacin da wariyar launin fata take da ƙarfi a kudancin ƙasar, har gidajen rediyo ma a rabe suke. Baƙin ciki bai san launi ba.

Abin da ba za mu ɓoye ba

Ba daidai ba ne mu ba da labarinta kamar na wadda ba ta taɓa tuntuɓe ba. Littafi Mai Tsarki kansa bai ɓoye faɗuwar Dauda ko musun Bitrus ba. Skeeter ta yi aure sau uku, duka ukun kuma sun mutu. Na fari ya ƙare a ƙarshen shekarun 1950. Na biyu, da sanannen mai gabatar da shiri a rediyo Ralph Emery, ya ɗauki daga 1960 zuwa 1964, wato daidai shekarun da tauraronta ya fi haske, kuma dukansu biyu sun rubuta daga baya cewa zaman ya yi ɗaci. Na uku, da makaɗi Joey Spampinato, ya fara a 1987 ya ƙare a 1996. Ba mu ne alƙalanta ba, ba mu kuma san abin da ya gudana a cikin ɗaki ba. Abin da za mu iya faɗi shi ne tafin dubban mutane bai iya gina mata gida ba. Matasanmu masu mafarkin fitar da kundin waƙa su riƙe wannan. Baiwa daban, hali daban, kuma fili ba ya warkar da ciwon da aka ɗauko daga gida.

Duk da haka ba ta rabu da bangaskiyarta ba, ba ta kuma ɓoye ta ba. A 1967 ta fitar da kundin waƙoƙin bishara mai suna Hand in Hand with Jesus. Ta ƙi yin wasa a wuraren da ake sayar da giya, alhali a nan ne yawancin kuɗin mawaƙan kantiri yake. Ta kuma daina noman taba a gonarta, a yankin da taba ce amfanin gona mai kawo kuɗi. Manomi ya san ma'anar wannan. Kamar a ce wa mutumin Tudun Wada ya bar shinkafa ne, ko mutumin Doguwa ya bar masara, saboda lamirinsa bai kwanta ba. Ko mun yarda da kowane mataki da ta ɗauka ko ba mu yarda ba, bangaskiyarta ta taɓa aljihunta, kuma a nan ake gane ta gaske.

Daren Disamba na 1973

A farkon shekarun 1970 an yi wata farkawa tsakanin matasan Amurka. Samari da 'yan mata da yawa, wasunsu waɗanda suka fito daga shan ƙwaya, suka riƙa yawo gari gari suna kafa tanti suna wa'azi a tituna. Wata ƙungiya irin wannan, mai suna Christ Is the Answer, ta sauka a Nashville a ƙarshen 1973. 'Yan sanda suka kama waɗansu daga cikinsu suna yi wa mutane bishara a wajen shagunan kasuwanci. Yawancin manyan gari ba su ce komai ba. Yaran baƙi ne, ba su da gata, kamanninsu ma ba irin na mutanen kirki na majami'a ba ne.

A wani daren Asabar na watan Disamba, Skeeter ta hau dandalin Opry, ana watsawa kai tsaye. Kafin ta yi waƙa sai ta yi magana a kan kamun, ta nuna bai dace ba, ta kuma sadaukar da waƙar bishara ga waɗanda aka tsare. Maganar ba ta yi tsawo ba. Hukumar Opry ta ɗauke ta a matsayin suka ga 'yan sanda da shigo da siyasa cikin shirin nishaɗi, aka dakatar da ita.

Akwai abin mamaki game da ginin da wannan ya faru. Zauren Ryman, inda Opry take zaune daga 1943 zuwa 1974, asalinsa ɗakin wa'azi ne. Thomas Ryman, mai jiragen ruwa, ya tuba a 1885 a taron farkawa na mai bishara Sam Jones, ya kuma jagoranci gina zauren, aka buɗe shi a 1892 da sunan Union Gospel Tabernacle domin mutane su sami wurin jin bishara. Har a zamanin Skeeter 'yan kallo a kan bencin majami'a suke zama. Cikin ginin da aka yi domin wa'azi aka hukunta mace saboda ta yi magana a madadin masu wa'azi. A Opry ana rera waƙoƙin bishara kowane mako ba mai damuwa. Abin da ba a jure ba shi ne a haɗa waƙar da mutane masu rai da ke tsare a wannan dare.

Dakatarwar ta wuce shekara guda. A watan Maris na 1974, da Opry ta koma sabon gininta da babban biki wanda shugaban ƙasa Richard Nixon ya halarta, Skeeter tana waje. Gayyata ta ragu. Ba da daɗewa ba zamanta na fiye da shekara ashirin da kamfanin RCA ya ƙare, ba ta kuma sake samun waƙar da ta yi tashe kamar na dā ba. Ba za a ce dakatarwar kaɗai ta jawo haka ba, domin salon kiɗa ma yana canzawa a lokacin, amma ta biya farashi. A 1975 aka mayar da ita, bayan wata abokiyar sana'arta, Jean Shepard, ta tsaya mata a gaban hukuma.

Yadda za mu auna wannan

Littafi Mai Tsarki ya koya mana biyayya ga hukuma, kamar yadda yake a Romawa sura 13, ya kuma nuna mana Bitrus da Yahaya a Ayyukan Manzanni sura 4 suna ƙin yin shiru sa'ad da majalisa ta hana su magana da sunan Yesu. Mai bi yana rayuwa tsakanin waɗannan biyu, kuma mu da muke zaune da maƙwabta masu wani addini, muna cin kasuwa ɗaya da su a Kwanar Dangora, muna gaisawa a suna da biki da jana'iza, mun san cewa shaida tana bukatar hikima da ladabi. Ba kowace hayaniya ce aminci ga Ubangiji ba. Wani yana jawo wa kansa da ikkilisiya wahala saboda rashin kunya, ya kira ta tsanani.

Abin da ya bambanta matakin Skeeter shi ne ba don kanta ta yi magana ba, ba ta kuma zagi addinin kowa ba. Ba a taɓa ta ba. Tana da suna, da gona, da gurbi a fili mafi daraja a sana'arta. Waɗanda aka kama ba danginta ba ne. Ta yi abin da Ibraniyawa sura 13 ta umarta game da tunawa da 'yan'uwa da ke kurkuku, da abin da Onisifaras ya yi wa Bulus sa'ad da bai ji kunyar sarƙarsa ba. A cikinmu akwai waɗanda Allah ya ba murya a wurin da ake ji, malamin makaranta, ma'aikaciyar asibiti, ɗan kasuwa mai faɗa a ji, dattijon da mai unguwa yake saurara. Idan an zalunci ƙaramin ɗan'uwa marar gata, ko ma maƙwabci wanda ba mai bi ba, yawanci lissafin abin da za mu rasa ne yake rufe mana baki. Mu kan ce hikima ce, alhali tsoro ne.

Kada kuma mu manta da Jean Shepard. Ba ita ta yi maganar ba, amma ta yi amfani da darajarta ta buɗe wa 'yar'uwarta ƙofa, kamar yadda Barnaba ya kama hannun Shawulu ya kai shi wurin manzanni. Ikkilisiya tana bukatar irin waɗannan mutane sosai.

Ƙarshen tafiya

Bayan dawowarta ta ci gaba da waƙa a Opry kusan shekara talatin, tana kuma zuwa ƙasashen waje inda ake ƙaunarta ƙwarai. A 1988 likitoci suka gano tana da ciwon daji na nono. Ta yi shekara goma sha shida tana fama da shi, tana hawa dandali muddin jikinta ya yarda. Ta rasu a Nashville ranar 19 ga Satumba, 2004, tana da shekara 72. A zauren Ryman aka yi taron jana'izarta, wato ginin da aka dakatar da ita a cikinsa shekara talatin da suka wuce.

Ga ƙungiyoyin mawaƙa, da zumuntar mata, da matasan Sabon Rai da suke fita bishara ƙauye ƙauye da ganga, akwai aiki a nan. Ku san halin da mai jan waƙarku take ciki a gida kafin ku yaba muryarta. Ku ba mai makoki lokaci. Ku tambayi kanku wace gayyata ce za ku ƙi, ko da kuɗinta ya yi yawa, ku kuma yanke wannan shawara tun kafin gayyatar ta zo. Sa'ad da aka kama wani marar gata, ku nemi dattawa, ku bi hanyar da ta dace, ku yi magana da ladabi, amma ku yi magana.

Ubangiji ya ba mu zuciyar da za ta rera yabonsa ranar Lahadi, ta kuma tsaya da 'yan'uwa ranar Litinin. Amin.